Ƙaura daga Universal Analytics zuwa GA4: kundin aiki, Mayu zuwa Yuli 2023

Talata, 2 ga Mayu

Shafin da ake wa aikin na WordPress ne, na labarai da maƙalu da Hausa, da ɗan kanti a gefe inda ake sayar da littattafan PDF. Tun buɗe shi da Universal Analytics, tsohon tsarin ƙididdiga na Google, ake ƙirga maziyarta, wato mai lambar da ke farawa da UA-. Tun 16 ga Maris 2022 Google ya sanar cewa daga 1 ga Yuli 2023 tsohon tsarin zai daina karɓar sabbin bayanai, sai a koma sabon, wato Google Analytics 4 (GA4). Yau saura kwana 60 cif.

Sunan ƙaura kawai ake kiranta, amma ba a kwashe kaya. Tsoffin alƙaluma ba sa shiga GA4, sabon rumbu, wato wurin da ake tara bayanan shafin a asusun, daga sifili yake farawa, kuma yawancin saitinsa daga ranar da aka kunna su suke aiki, ba sa waiwayen baya. Don haka aka tsara aikin bisa wannan: duk abin da jinkirinsa ke jawo asarar bayanai shi ne a gaba, kwalliyar rahoto ta jira.

Da aka shiga asusun sai aka tarar akwai rumbun GA4 tuni. Daga Maris Google ya fara ƙirƙira wa waɗanda ba su kashe wannan zaɓi ba, kuma mu ba mu kashe ba. An bar shi, tunda ya tara bayanan 'yan makonni. Abu uku aka gyara nan take. Na farko wa'adin ajiya, a Admin, Data Settings, Data Retention: wata 2 yake zuwa da shi, an mayar wata 14, iyakar abin da asusun kyauta ke bayarwa. Wannan wa'adi bai shafi rahotannin yau da kullum ba, sashen Explore ya shafa, inda ake haɗa rahoto da hannu. Wanda ya bar shi a wata 2 sai ranar da ya nemi kwatanta bana da bara zai gane. Na biyu lokaci, an tabbatar agogon Najeriya ne, GMT+1. Na uku kuɗi, an sauya daga dala zuwa naira.

An kuma rubuta abin da ke cikin tsohon rumbun: burika huɗu (rajistar wasiƙar mako, sayen littafi, sauke PDF na kyauta, danna maɓallin WhatsApp), rariya biyu masu tace bayanai, da rukunan musamman biyu na rarraba rahoto, na marubuci da na sashen labari.

Alhamis, 4 ga Mayu

An ɗora GA4 ta Google Tag Manager, manhajar da ake sa wa shafi 'yan lambobin ƙirga (tag) ta cikinta. Tag ɗaya ne, nau'in GA4 Configuration, da lambar da ke farawa da G-, yana tashi a kowane shafi. An gwada da Preview, an gani a DebugView, allon GA4 mai nuna abin da ke shigowa yayin gwaji, aka wallafa.

Bambancin tushe shi ne GA4 komai motsi yake ɗaukarsa. Buɗe shafi motsi ne mai suna page_view, gangarawa ƙasa scroll, danna mahaɗin da ke fita waje click. Kowane motsi na tafe da bayanan rakiya, har 25. Babu Category, Action da Label irin na da. A ƙarƙashin Enhanced measurement an bar buɗe shafi, gangarawa ƙasa, fita waje, binciken cikin shafi, bidiyon YouTube da sauke fayil. An kashe na fom, domin akwatin bincike ma fom ne, zai riƙa cakuɗa da rajistar wasiƙa. Binciken WordPress da harafin s yake tafiya a adireshi, kuma s na cikin biyar ɗin da GA4 ya sani tun asali (q, s, search, query, keyword), ba sai an ƙara komai ba.

Litinin, 8 ga Mayu

An yi kwana huɗu ana ƙirga kowane shafi sau biyu.

Abin da ya tona shi ba yawan buɗe shafin ba ne, ko da yake ya kusa ninka na tsohon rumbun. Ma'aunin engagement rate ne ya haura kusan kashi 100 cikin 100. Shi ne kason zaman da ya yi armashi, kuma a GA4 ana cewa zama, wato ziyara ɗaya ta mutum, ya yi armashi idan ya wuce daƙiƙa 10, ko aka samu biyan buƙata a ciki (kamar saye ko rajista), ko aka buɗe shafi biyu zuwa sama. To idan kowane shafi yana aika page_view biyu, ko wanda ya leƙo ya fice nan take ya cika sharaɗi na uku. Shafin labarai da rabin mutanensa daga Facebook suke faɗowa ba zai taɓa samun irin wannan maki ba.

Yadda aka bi sawu: a Chrome, F12, sashen Network, a akwatin tacewa aka rubuta collect?v=2, aka sabunta shafin. Buƙata biyu suka fita, dukkansu da en=page_view da lambar G- iri ɗaya. Ɗaya ta Tag Manager ce da aka ɗora ranar Alhamis. Ɗayar ta tsohuwar lambar gtag.js ce da ke zaune a header.php, wadda aka ɗaura wa sabon rumbun lokacin da aka ƙirƙira shi. Ana ganin ɗaurin a tsohon rumbun, Tracking Info, Tracking Code, Connected Site Tags. Laifinmu ne, ya kamata a tambayi ta ina rumbun ke samun bayanai tun kafin a ƙara masa wata hanyar. Kuma a DebugView ranar Alhamis biyun sun fito, ido ne bai kai ba.

An kwance ɗaurin, aka bar Tag Manager shi kaɗai. Ba a cire tsohuwar lambar UA ba, ana son su yi tafiya tare har ƙarshen Yuni saboda kwatance. Bayan gyaran sai da aka share ma'ajiyar wucin gadi ta shafin kafin buƙatar ta koma ɗaya.

Bayanan 4 zuwa 8 ga Mayu sun ɓaci, kuma ba su gyaruwa. Data Deletion Requests rubutun bayanan rakiya yake gogewa, adadin motsin yana nan. A 2023 kuma GA4 ba shi da wurin liƙa 'yar sanarwa a kan ginshiƙi kamar Annotations na da. An buɗe takardar Google Sheets mai suna "tarihin sauyi", duk abin da aka taɓa ana rubuta rana da awa.

Laraba, 10 ga Mayu

Alƙaluman jiya sun daidaita. Rahoton GA4 kan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya kammala, don haka ba a yanke hukunci da na ranar da ake ciki. An haɗa Search Console, mai nuna yadda ake samun shafin a binciken Google. Rahotonsa ba ya fitowa sai an shiga Reports, Library, an wallafa shi.

Juma'a, 12 ga Mayu

An haɗa BigQuery, ma'ajiyar bayanai ta Google Cloud, kuma da an sani da tun ran 2 ga wata aka yi, domin shi ma daga ranar haɗi yake fara kwasa. A tsohon tsari sai masu Analytics 360, nau'in da ake biya, ke samun wannan, yanzu kyauta ne har motsi miliyan 1 a rana. Amfaninsa shi ne ɗanyen bayani yana zama a hannunka, wa'adin wata 14 bai shafe shi ba.

Matakai: a buɗe aiki a Google Cloud, a kunna BigQuery API, a dawo Admin, BigQuery Links, a zaɓi aikin da wurin ajiya, a zaɓi Daily. Ba a ɗauki Streaming ba, shi ana biya, kuma ba mu da buƙatar ganin bayanin minti-minti. Teburorin suna zuwa da suna events_ sai kwanan wata.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan ba a sa katin biya ba, aikin yana zama a Sandbox, inda kowane tebur ke gogewa bayan kwana 60. Katin naira da ke hannu bai wuce ba, kamar yadda ya zama ruwan dare a lokacin, bayan bankuna sun taƙaita sayayyar waje da shi. An bar shi a Sandbox tukuna, an rubuta cewa dole a samo katin dala kafin 10 ga Yuli, kafin teburin farko ya cika kwana 60.

Laraba, 17 ga Mayu

Cire ziyarar ma'aikata. Wannan ya ci kwana uku.

Hanyar da aka saba ita ce a ba GA4 adireshin IP na ofis a Define internal traffic, ya riƙa liƙa wa motsin da ya fito daga can alamar traffic_type=internal, sannan rariyar Data Filters ta zubar da su. Wannan na aiki ga mai layin intanet tsayayye. Ofishin nan da rauta mai layin waya yake aiki. An duba adireshinsa da safe, aka kashe aka kunna bayan an ɗauke wuta, ya sauya. Mafi muni, kamfanonin waya suna raba adireshi ɗaya ga dubban masu layi a lokaci guda. Wanda ya sa irin wannan adireshi a rariya, ko ya faɗaɗa zangon don ya kama sauyin, zai zubar da masu karatu na gaskiya tare da ma'aikatansa, gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma abin da rariyar GA4 ta zubar ya tafi ke nan. Babu View, wato kwafin rahoto na daban, na ajiya marar rariya kamar yadda ake yi a da, domin GA4 ba shi da View gaba ɗaya.

Abin da aka yi a maimako: an buɗe wani ɓoyayyen shafi da ba ya cikin menu, an hana injunan bincike ganinsa. Duk wanda ya buɗe shi, wani tag na Custom HTML yana dasa masa kuki, wato 'yar alamar da burauza ke ajiyewa, mai suna ma_aikaci, na shekara guda. A Tag Manager aka yi 1st Party Cookie mai karanta shi, da Lookup Table mai mayar da 1 zuwa internal, aka sa sakamakon a Fields to Set na babban tag da sunan traffic_type. Wanda ba shi da kukin ba a aika masa komai.

Rariyar tana Testing, ba a mayar da ita Active ba. A wannan hali ba ta zubar da komai, alama kawai take sawa, ana dubawa da rukunin Test data filter name. Za a ba ta mako guda.

Giɓi biyu da aka sani: Safari yana datse kukin da aka dasa ta JavaScript zuwa kwana 7, sai masu iPhone su riƙa sake buɗe shafin duk Litinin. Sannan burauzar da ke cikin manhajar Facebook kukinta daban, edita da ya danna labarinsa daga can za a ƙirga shi a matsayin baƙo. An haƙura da wannan.

Talata, 23 ga Mayu

Motsin musamman. Ga raba labari an yi amfani da sunan da Google ya tanada, share, da method=whatsapp, yana tashi idan mahaɗin da aka danna na ɗauke da wa.me ko api.whatsapp.com. Rajistar wasiƙa sign_up. Sauke PDF yana zuwa da kansa a file_download. Sashen labari an tura shi a content_group, wanda GA4 ya riga ya sani. Sunan marubuci kuwa sai da aka yi masa rajista a Custom definitions, ɗaya daga cikin gurabe 50. Idan aka aika bayanin rakiya ba a yi rajistarsa ba, yana isa, ana ganinsa a DebugView da BigQuery, amma ba ya fitowa a rahoto, kuma ranar da aka yi rajistar daga nan yake farawa.

Na scroll da ke zuwa da GA4 sau ɗaya yake tashi, a kashi 90 na tsawon shafi. A waya, ƙasan maƙala akwai labarai masu alaƙa da sharhi da talla, wanda ya karanta rubutun har ƙarshe ma bai kai 90 ba. An kashe shi, an yi namu a 25, 50, 75 da 90.

Sai haruffa masu ƙugiya. Sunayen motsi duk an rubuta su da ƙananan baƙaƙe marasa ƙugiya, domin GA4 yana bambanta Share da share, kuma wanda zai rubuta tambaya a BigQuery bai kamata ya tsaya neman ƙ a allon rubutu ba. Matsalar gaske a adireshi take. Harafin ƙ a cikin adireshi yana komawa %C6%99, ɗ kuma %C9%97, wato harafi ɗaya ya ci gurbin shida. Yawancin bayanan rakiya iyakarsu harafi 100 ne (page_location ne ke da 1,000, page_title 300). Saƙon raba labari a WhatsApp yana ɗauke da kanun labarin da adireshinsa, sai link_url ya yanke tun kafin a kai ga sunan labarin. An daina dogara da shi, ana tura lambar labarin ta WordPress a item_id.

A binciken cikin shafi ma, ƙasa da kasa da k'asa layi uku ne a rahoto, alhali mutum ɗaya ne ke neman abu ɗaya da allon rubutu daban-daban. Ba a taɓa shi a GA4 ba, za a haɗe su a BigQuery da LOWER da REPLACE. Sai dai a yi hattara, ba kowace kasa ce ƙasa ba.

Alhamis, 25 ga Mayu

An duba abin da rariyar ma'aikata ta yi wa alama: garuruwa biyu, na'urori kaɗan, yawanci shafukan da aka wallafa a ranar. Ya yi daidai. An mayar da ita Active.

Laraba, 31 ga Mayu

Ba a yi wani aiki ba sai duba alƙaluma. Tun jawabin cire tallafin mai na ranar Litinin an rage awannin janareta, aikin da ke buƙatar kwamfuta ya koma safiya.

Litinin, 5 ga Yuni

Kantin littattafai. Motsin purchase yana buƙatar transaction_id, value, currency da items. Gwajin farko an sayi littafin naira 2,500, rahoto ya nuna 250,000. Ƙofar biyan kuɗin da kwabo take lissafi, mu kuma muka ɗauko adadin kai tsaye daga amsarta. An raba da 100 a Tag Manager. Dole value ya zama lamba zalla, ba waƙafi ba alamar naira, kuma idan babu currency=NGN kuɗin ba ya shiga rahoton kuɗin shiga ko da motsin ya iso. Cinikin gwajin nan na 250,000 ya zauna a rahoton Yuni, an rubuta shi a tarihin sauyi. Da an yi gwajin da na'ura mai kukin ma'aikaci da rariya ta ɗauke shi.

Na biyu, duk cinikin da aka gwada an jingina shi ga shafin biyan kuɗin a matsayin wanda ya kawo mai saye, saboda mutum yana fita can ya biya ya dawo. An sa adireshin a List unwanted referrals, ƙarƙashin Configure tag settings.

An yi wa purchase, sign_up, file_download da share alamar biyan buƙata, cikin gurabe 30 da ake da su. A nan akwai bambancin da zai rikita kwatance: tsohon tsari sau ɗaya yake ƙirga buri a zama guda, GA4 kuwa duk sanda motsin ya faru. Wanda ya sauke PDF biyar a da ɗaya ne, yanzu biyar. An sauya Counting method na file_download da share zuwa Once per session, purchase aka bar shi yadda yake.

Masu tura kuɗi ta banki su aiko da rasit a WhatsApp, GA4 ba ya ganinsu sam. Littafin ciniki ne shaida a kan kuɗi, ba wannan rahoton ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Layin Unassigned, na ziyarar da GA4 ya kasa sanya wa rukuni, ya kumbura a rahoton hanyoyin shigowa. An ƙara rukunin Session source / medium aka ga group / sako. Mai tura labarai a zaurukan WhatsApp ne ke sa utm_medium=sako a jikin mahaɗi, alamar da ke nuna ta ina mutum ya shigo, kuma GA4 ba shi da gurbin da zai ajiye wannan kalma. An tsayar da ƙa'ida ɗaya: WhatsApp utm_source=whatsapp da utm_medium=social, wasiƙar mako utm_medium=email, duk da ƙananan baƙaƙe. An yi takarda mai haɗa mahaɗin da kanta, ba a ƙara rubutawa da hannu. Mahaɗin da aka tura babu alama ko kaɗan yawanci Direct yake faɗawa, shi ya sa Direct na shafukan Hausa ke da girma fiye da ƙima.

Alhamis, 15 ga Yuni

An ga adireshin imel na mutane a rahoton shafuka. Fom ɗin wasiƙa, bayan rajista, yana kai mutum shafin godiya da ?email= a jikin adireshi, GA4 kuma yana kwashe adireshin ɗungurungum. Wannan ya saɓa ƙa'idar Google Analytics, wadda ta hana aika duk abin da zai nuna ko wane ne mutum, ga shi a makon nan aka sa hannu a dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023. An kashe zaɓin a saitin fom ɗin, aka shigar da buƙatar gogewa a kan page_location da page_referrer daga 2 ga Mayu zuwa yau, ga waɗanda ke ɗauke da email=. Buƙatar na jiran kwana 7 da za a iya soke ta, kammalawa kan kai kwana 63. Tsohon rumbun ma yana da wannan ɓarakar tun tuni, can ma an shigar. Teburorin BigQuery kuwa gogewar ba ta kai musu, da hannu aka tsabtace su.

Talata, 20 ga Yuni zuwa Juma'a, 23 ga Yuni

Kwashe tarihin tsohon rumbun. Ta allon rahoto layi 5,000 ne iyakar abin da ake saukewa a lokaci guda, don haka aka yi amfani da ƙarin Google Analytics na Google Sheets. Ba a yi yunƙurin kwashe komai ba, aikin baban giwa ne. An tambayi abin da za a nema nan da shekara biyu, aka tsaya a kan biyar: jimillar kowace rana, hanyoyin shigowa wata-wata, shafuka wata-wata, ƙasa da gari, sai na'ura. Burika an haɗa su da hanyoyin shigowa.

Kowane rahoto da ya fito sai an duba layin Contains Sampled Data a samansa. Idan tambayar ta ratsa zama sama da 500,000, tsohon tsarin samfuri yake ɗauka ya yi ƙiyasi. Karon farko an ja shekara guda a dunƙule, ya ce Yes. Aka koma wata-wata, watannin zaɓen Fabrairu da Maris kuwa sai da aka raba su mako-mako.

A kiyaye da adadin maziyarta: ba a tara na wata-wata a ce na shekara ne, wanda ya zo a Janairu ya dawo a Fabrairu zai zama mutum biyu. Na shekara an ja shi daban. Buɗe shafi ne ke taruwa lafiya.

An ajiye CSV a wuri biyu, Drive da faifan waje. An kuma ɗauki hoton saitin burika da rariya, domin nan gaba wani zai tambayi me alƙaluman suke nufi.

Talata, 27 ga Yuni

Gobe Babbar Sallah. Ba a taɓa komai a Tag Manager har sai an dawo.

Litinin, 3 ga Yuli

Ranar Asabar ce wa'adin, amma tsohon rumbun yana nuna mutane a Realtime, allon masu shigowa a yanzu-yanzu, har yau. Kashewar mataki-mataki ake yi. Ba a dogara da abin da ya shiga bayan 30 ga Yuni. An kwashe na Yuni an haɗa da sauran.

Alhamis, 6 ga Yuli

An samu katin dala, an fita daga Sandbox. Sa katin kaɗai bai isa ba: wa'adin kwana 60 yana nan a manne da ma'ajiyar da kuma kowane tsohon tebur. An cire na ma'ajiyar, sannan aka bi teburorin ɗaya bayan ɗaya. An sa faɗakarwa a dala 1, wadda saƙo kawai take turowa, ba ta tsayar da caji. Kyautar wata ita ce ajiyar GB 10 da tambayar TB 1, kuma abin da aka tara bai kusa ba. Zuwa yau ba a biya Google ko kwabo ba, kuɗin da ya fita na data ne da cajin buɗe katin.

A BigQuery, event_date yana bin agogon rumbun, event_timestamp kuwa UTC ne, wanda ke bayan agogon Najeriya da awa ɗaya. Wanda ya haɗa su bai lura ba zai ga motsin awa ɗaya bayan sha biyun dare ya koma jiya.

Litinin, 10 ga Yuli

Kwatancen Yuni, watan da suka yi tafiya tare daga farko har ƙarshe. Buɗe shafi ya yi kusa, tazarar ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, kuma wannan ne ma'aunin da ke nuna ɗorin ya yi daidai. Sauran ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma ba ɓaci ba ne.

Zama ya ragu a GA4. Tsohon tsari yana yanke zama da ƙarfe 12 na dare ya buɗe sabo, haka ma idan mutum ya sake shigowa ta wata hanya daban. GA4 ba ya yin ko ɗaya, sai an yi minti 30 babu motsi. Shafin da ke da masu karatun dare, masu cin datar dare mai rahusa, dole ya ga wannan ragi. Maziyarta ma ma'anarsu ta sauya: da jimillar duk wanda ya shigo ake nunawa, yanzu Active users ne a gaba. Bounce rate, wato kason masu leƙowa su fice, ya faɗi warwas, domin yanzu kishiyar engagement rate ne kawai. Wanda ya karanta maƙala ɗaya minti biyar ya tafi, a da ya yi tsalle ya fice ne, yanzu mai karatu ne. A ganina sabon lissafin ya fi dacewa da shafin karatu, sai dai daƙiƙa 10 ta yi kaɗan ga waya mai jan ƙafa wajen buɗe shafi. Ana iya ɗaga ta har 60. An mayar 30, an rubuta ranar.

A rahoton wata da ake kai wa masu talla an ja layi a 1 ga Yuli, da bayanin jimla biyu cewa ma'auni ya sauya. Buɗe shafi kaɗai za a riƙa kwatantawa da bara.

Laraba, 19 ga Yuli

Labaran da ba su da yawan masu karatu sun riƙa ɓacewa daga wasu rahotanni, da alamar gargaɗi a saman ginshiƙi mai cewa Thresholding applied. Google signals da aka kunna a Mayu don ganin shekaru da jinsi ne sanadi: idan mutanen layi sun yi kaɗan ana ɓoye shi don kada a gane su. An sauya Reporting Identity zuwa Device-based, layukan suka dawo. Wannan saitin yadda ake nunawa kawai yake sauyawa, ana iya komawa ba asara.

Akwai kuma (not set), wato babu suna, a rahoton shafin sauka, shafin da mutum ya fara buɗewa. Yawanci wanda ya bar shafi a buɗe ne fiye da minti 30, ya dawo ya gangara ƙasa, sai sabon zama ya fara babu page_view. Ana iya tsawaita wa'adin zama har awa 7 da minti 55, amma ba za a taɓa shi ba sai an cika wata guda da saitin 10 ga Yuli, kada sauyi biyu su hau kan juna.

Da sauran rina a kaba. Allon rahoton editoci na Looker Studio, manhajar Google ta zana ginshiƙai, har yanzu tsohon rumbun yake ja, za a sake gina shi a kan BigQuery, domin haɗin GA4 kai tsaye yana da ƙayyadadden adadin buƙata, allo mai ginshiƙai da yawa yakan tsaya da Quota error. Sai tambayar haɗe kalmomin bincike masu ƙugiya, da cire lambar UA daga header.php ranar da Realtime ɗinsa ya nuna sifili. Tsoffin rahotanni za su ci gaba da buɗuwa har 1 ga Yuli 2024, an sa ranar 3 ga Yuni 2024 a kalanda don dubawar ƙarshe ko akwai abin da aka manta ba a kwashe ba.